Maƙwabci Kafin Gida: Baƙo da Zaɓen Mazauni a Bayan Ganuwar Zazzau

Duk wanda ya taɓa yawon neman gidan haya ya san tambayoyin da ake yi wa dillali. Akwai rijiya ko sai an sayi ruwa a hannun 'yan garuwa? Ana samun wuta? Ina nisan kasuwa da makarantar yara? Idan damina ta sauka, layin yana biyuwa? Daga ƙarshe, bayan an rage murya, sai a yi tambayar da ta fi sauran nauyi: su wane ne ke zaune a unguwar? Mutumin yau yana ganin waɗannan tambayoyi kamar tare da ɗan Adam aka halicce su. Alhali a ƙasar Hausa, damar da talaka ke da ita ta ya dubi unguwanni biyu ko uku ya auna su, sannan ya zaɓi ɗaya, ba ta daɗe da haihuwa ba.

Zariya tana cikin wuraren da suka fi nuna wannan a fili. Daga 1911, shekarar da jirgin ƙasa ya iso, zuwa 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ƙananan garuruwa huɗu suka tsiro a bayan ganuwar birnin: Sabon Gari da Tudun Wada da Wusasa da Samaru. A yau gine-gine sun kusa haɗe su, har matafiyi ba ya gane inda ɗaya ya ƙare wani ya soma. A wancan zamani kuwa gonaki da rafi da fili ne a tsakaninsu, kowanne da kasuwarsa da dokarsa da irin mutanensa. Wannan maƙala za ta bi sawun baƙon da ya zo neman mazauni a tsakanin waɗannan garuruwa, don a ga abin da yake aunawa, da wanda ya riƙe masa ma'aunin.

Cikin ganuwa

A tsohon birnin Zazzau, mutum gadon unguwarsa yake yi kamar yadda yake gadon sana'a da sunan gida. Malamai suna da unguwanninsu, irin su Kona da Juma, inda almajirai daga nesa suke zuwa ɗaukar karatu a zaure. Masu sarauta da barorinsu suna kewaye da fada. Marina suna kusa da karofinsu, maƙera suna inda ƙarar uwar maƙera ba za ta dami kowa ba sai wanda ya saba da ita. Bayan jihadi, da Sarkin Zazzau Makau ya fice ya yi kudu, inda daga baya zuriyar gidansu ta kafa Abuja ta farko, wato Suleja ta yanzu, sarauta ta koma yawo a tsakanin gidaje huɗu: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Kowane gida da sashensa da mabiyansa, har ya zama inda mutum yake kwana yana faɗin wanda yake bi.

Baƙo a irin wannan gari ba unguwa yake nema ba, mai masauki yake nema. Falke ya shigo ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan da jakunansa, sai ya sauka a gidan wanda zai ajiye masa kaya, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. In zama ya yi daɗi yana son ya kafa gida, mai masaukin ne zai kai shi gun mai unguwa, magana ta bi hanyarta har a yanka masa fili. Cikin ganuwar akwai gonaki da kangaye masu yawa, saboda haka fili bai yi wuya ba. Abin da ke da wuya shi ne wanda zai ce, “Na san shi.” Daga nan ne karin maganar nan ta nemi maƙwabci kafin gida take samun cikakkiyar ma'anarta. A lokacin, maƙwabcin ne ƙofar gidan.

Diga da doka

Turawan Ingila sun shiga Zariya a 1902. Ba a jima ba suka tuɓe Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. A zamaninsa ne aka shimfiɗa hanyar jirgin da ta taso daga Baro ta bi ta Zariya ta isa Kano a 1911. Da ƙarfin talakawa aka yi wannan aiki, ana rarraba wa hakimai adadin mutanen da za su kawo, kuma Sarki Aliyu, da yake mawaƙi ne, ya bar mana Waƙar Diga a kan abin da idonsa ya gani. Daga baya aka ja wata ƙaramar hanya daga Zariya zuwa wuraren haƙar kuza na Jos, sannan wata ta nufi Gusau har ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Garin ya zama mahaɗar hanyoyi, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da rumbunan auduga da gyaɗa a bakin tasha.

An gina tashar ne a arewacin birni, ƙetaren rafin Kubanni. Jirgi kuwa yana buƙatar direbobi da makanikai da akawuna, kamfanoni suna buƙatar masu iya rubutun boko da lissafi. Irin waɗannan ma'aikata daga Legas da ƙasar Yarabawa da Saliyo da Gwalkwas aka fara samo su, daga baya Ibo suka biyo da yawa. Turawa ba su so su zauna cikin birni ba, don gudun kada su sa talakawan sarki su raina mulkin da aka ɗora a kan sarakuna. Su ma sarakunan ba su ɗokin baƙin da ba sa bin shari'ar alƙali. Haka aka yanka musu fili kusa da tasha, aka tsaga shi layi-layi, aka kira shi Sabon Gari.

Dokoki biyu suka ƙarfafa wannan tsari. Ta 1910 ta sa duk ƙasar Arewa a hannun Gwamna, saboda haka fuloti a Sabon Gari aro ne daga gwamnati, da takarda da kuɗin shekara. Ta 1917, wadda ta tsara garuruwan bariki, ta wajabta a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Hujjar da aka bayar ita ce kare Turawa daga sauro da zazzaɓinsa, kamar sauro yana da ma'aunin yadi. A ƙarƙashin wannan tsari, Bature ne mai mulkin bariki yake riƙe da Sabon Gari, sai daga baya aka mayar da shi hannun En'e.

Sauran baƙi, wato Musulmin Arewa waɗanda ba Zage-zagi ba, aka ware musu wani tudu tsakanin Ƙofar Doka da Kubanni, a ƙarƙashin sarki da alƙalinsa. Shi ne Tudun Wada. Da haka baƙunta ta rabu gida biyu, kuma a karo na farko hukuma ta soma tambayar baƙo asalinsa da addininsa kafin ta nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma.

Baƙo a bakin tasha

A ƙaddara wani matashi ya sauko daga jirgi a tashar Zariya wajen 1935, da akwatin ƙarfe da takardar ɗaukar aiki. In ɗan Kudu ne Kirista, an riga an yi masa zaɓi, Sabon Gari zai nufa. In kuwa Bahaushe ne daga Katsina ko Bauci, ko Banufe daga Bida, to, yana da abin aunawa, domin layin da doka ta ja bai taɓa hana Hausawa zama a Sabon Gari ba. Leburori da tsofaffin sojoji da mahauta da 'yan koli sun cika shi tun da wuri. Haka ma bayin da suka baro rumada, tun da dokar Turawa ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901, sun sami wurin da ba wanda zai tambaye su gidan ubangijinsu.

Abin da Sabon Gari yake miƙa wa baƙo a bayyane yake. Aiki yana kusa, ko a tasha ko a kanti. Kasuwa tana ci kullum, da kayan da jirgi ya kawo: gishiri da kananzir da atamfa da goro da manja. Ɗaki ana biyan hayarsa da kuɗi a ƙarshen wata, ba sai wani ya tsaya wa mutum ba. Akwai makarantun mishan ga mai son ɗansa ya yi boko. Amma kowace riba da kuɗinta. Gida ɗaya yakan ɗauki iyalai da yawa masu harsuna daban-daban, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya, tsakar gida ɗaya. Magidancin da ya saba da zaure da kulle ba shi da inda zai tsare baƙo namiji. Giyar da aka hana sayarwa a birni a nan take da lasisi, kiɗa kuma ba ya kwana da wuri. Mutumin da ya ce a Sabon Gari yake zaune, sai ya ƙara da bayani kafin dattijon birni ya ba shi 'yarsa.

Wannan 'yanci da ya zama abin zargi ga wasu, mafaka ne ga wasu. Macen da aure ya ƙi, ba ta son komawa gaban iyaye a sake ɗaura mata wani, a nan take iya kama ɗaki ta yi tuwon sayarwa ta riƙe kanta. A wannan gari ne Hajiya Gambo Sawaba ta zauna. An haife ta a 1933, mahaifinta mutumin Gwalkwas ne da aikin jirgi ya kawo, mahaifiyarta Banufiya. Tun tana matashiya ta shiga NEPU, ta sha ɗauri sau da dama a kan neman haƙƙin mata da talakawa. Da wuya a ce tsakar gidan kulle na cikin birni zai iya fitar da irinta a wancan zamani.

Tudun Wada kuwa tsaka-tsaki ne. Mutum yana iya gina gidan ƙasa da zaurensa, ya ji kiran salla daga kowace kusurwa, ya kai ƙararsa gaban alƙali, ya sa 'ya'yansa a makarantar allo, duk da haka ba ya ƙarƙashin idon dangin kowa. Birni yana kudu da shi, tafiyar ƙafa, in yana son sallar Juma'a a masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Tasha da kantuna suna arewa, in ya haye Kubanni. Aibinsa ɗaya ne: komai daɗewar mutum a nan, baƙo ne a idon birni. Sarauta da manyan muƙaman En'e na 'yan gari ne, kuma Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Wusasa labarinsa daban ne, domin jama'a guda ce ta tashi gaba ɗaya. Likita Walta Mila, ɗan mishan na cocin Ingila, ya sami izinin zama cikin birnin Zariya tun 1905, abin da ba a saba yarda da shi a biranen sarakunan Musulmi ba. Ya buɗe makaranta da ɗakin magani, ya tara 'yan tsirarun Hausawa da Fulani da suka karɓi Kiristanci. A cikinsu akwai zuriyar Isawa, waɗanda suka fara kafa mazauni a Gimi kafin ciwon barci ya tarwatsa su. Zaman mishan a tsakiyar birni bai daina damun fada da Razdan ba, har a 1929 aka mayar da shi wani fili a gindin duwatsu, kusa da Kufena. A can suka gina majami'a da ƙasa, da bakan gizo irin na magina Hausawa, suka kafa asibiti da makaranta.

Ga Bahaushe Kirista, Wusasa ya warware matsalar da babu inda zai warware ta. A birni addininsa ya ware shi daga danginsa. A Sabon Gari kuma harshensa da rigarsa da tuwonsa sun ware shi daga 'yan'uwansa Kiristocin Kudu. A Wusasa kaɗai yake iya zama Bahaushe Kirista ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. Abin da ya biya shi ne nisa da kasuwa da tasha, da zama a ƙaramin gari inda kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. Amma asibitin ya jawo marasa lafiya daga birni da ƙauyuka, Musulmi da Maguzawa, har wasu suka kafa gidaje a gefensa.

Samaru shi ne autansu wajen girma. Ya soma ne da gonar gwaji ta aikin gona da Turawa suka buɗe a 1922 a kan hanyar Funtuwa, musamman saboda auduga. Ma'aikata suna cikin gidajen gwamnati, leburori da masu sayar musu da abinci suka kafa ƙauye a ƙetaren titi. Da aka kawo kwaleji, sannan jami'a a 1962, ƙauyen ya cika da masinjoji da direbobi da masu wanki da ɗalibai daga kowane lardi. A Samaru albashi ne yake raba unguwa. Mai babban muƙami yana cikin shinge da famfo da lantarki, ƙaramin ma'aikaci yana waje yana haya, ko daga ina ya fito.

Abin da ƙetare layi ya haifar

Turawa sun raba waɗannan garuruwa ne don mulki ya yi sauƙi, kowane tsuntsu ya yi kukan gidansu. Sai dai cikin mutum ba ya bin taswira. Matar kulle a birni tana aika yarinya da dawo ko ƙuli-ƙuli, a sayar wa leburan tasha. Akawu Bayarabe yana sayen nama a hannun mahaucin Bahaushe, yana koyon Hausa don ciniki, 'ya'yansa kuma su tashi da ita a baki. Mai ɗinkin babbar riga a birni yana jiran zaren da jirgi zai sauke. Kowace safiya gadar Kubanni tana ɗaukar mutanen da doka ta raba da dare.

Ba mamaki, da yawa daga abubuwan da suka sauya Arewa a wannan fili na tsakani suka tsiro. A Zariya ne Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 wadda ta fitar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Jiki Magayi kuwa John Tafida, ɗan jama'ar Likita Mila, shi ya rubuta shi tare da Rupert East. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Abubakar Imam, mutumin Kagara, a kujerar edita, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a bayan ganuwa. Sa'adu Zungur, mutumin Bauci, ya koyar a Zariya, ya kuma tara matasa 'yan boko suna muhawara a kan halin da ƙasa take ciki. Tarurrukan da aka yi a Zariya da Kaduna a 1948 su suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma shugabanta na farko, Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, Kirista ne daga jama'ar Wusasa. A 1949 kwalejin da ta faro daga Katsina ta ratsa ta Kaduna ta sauka a Zariya, wadda ake kira Barewa a yau. Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, a nan ya yi karatu. Kusan duk waɗannan mutane, a ma'aunin birni, baƙi ne.

Sa'ad da tsoro ya hau ma'auni

Layin da aka ja a takarda yana iya kwana shekara hamsin ba a ji nauyinsa ba, sai ranar da fitina ta tashi. A watan Mayun 1966, bayan dokar soja mai lamba 34 da ta rushe tsarin jihohi, zanga-zanga ta ɓarke a Zariya da sauran biranen Arewa, ta rikiɗe ta zama kisa. Aka sake yin wanda ya fi shi muni a Satumba da Oktoba. Masu neman Ibo ba su sha wahalar nema ba, domin tsarin shekara hamsin ya riga ya tara su wuri guda. Waɗanda suka tsira suka yi cincirindo a tashar nan da ta kawo iyayensu, suka nufi Gabas. An kuma sami maƙwabta Hausawa da suka ɓoye mutane a ɗakunansu, da waɗanda suka riƙe amanar gida da haya har masu shi suka dawo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

A watan Maris na 1987 rikicin da ya faro daga Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u. Bayan zaɓen 2011 aka sake zubar da jini. Kowace tarzoma takan bar baya da ƙaura marar hayaniya: wannan ya sayar da gidan da ya gada ya koma inda masu addininsa suka fi yawa, wancan ya karɓi ɗakin da ya fi tsada, ya fi nisa da wurin aiki, ba ruwa ba hanya, don dai ya yi barci da ido biyu a rufe. Rabon da Bature ya yi da doka, yanzu mutane suna yi wa kansu da kuɗinsu. Ba a zargin uban da ya fifita ran 'ya'yansa a kan rijiya mai kyau. Amma yana da kyau a san abin da ake asara. Yaron da ya tashi a layin da kowa irinsa ne ba zai san ɗaya ɓangaren ba sai ta bakin masu ba da labari, kuma masu ba da labari a ranar fitina ba su cika faɗin alheri ba.

Kammalawa

Tarihin waɗannan ƙananan garuruwa huɗu ya nuna matakai uku. Da farko mai masauki ne yake buɗe wa baƙo ƙofa. Daga baya doka ta tsaya a bakin tasha tana tambayar asali. A ƙarshe kuɗi da tsoro suka karɓi aikin. A kowane mataki mutane sun auna abubuwa iri ɗaya: ruwa da kasuwa da wurin ibada da makaranta da kotun da za ta saurare su. Kuma a kowane mataki abin da ya fi rinjaye shi ne mutumin da ke bayan katanga.

Magabata da suka ce a nemi maƙwabci kafin gida ba su ce a nemi ɗan'uwa ko ɗan gari ba, sun san zo mu zauna zo mu saɓa ne ko da ciki ɗaya aka fito. Wanda suke nufi shi ne mai jin kukan yaro da tsakar dare ya fito da fitila, mai riƙe makullin wanda ya yi tafiya ya mayar masa da kayansa cif. A 1966 an sami irin wannan maƙwabci a Sabon Gari, an kuma rasa shi a Sabon Garin. Dillali zai iya nuna wa mai neman haya rijiya da mitar wuta, ya faɗa masa kuɗin shekara. Halin maƙwabci kuwa sai an zauna ake saninsa, kuma rabinsa yana hannun wanda ya zo neman gidan.